Tsohon babur a wurin gwajin lafiyar abin hawa: inda yake faɗuwa da yadda nake shirya shi

Babur ɗin da nake kaiwa gwaji Honda CB750 ne ƙirar 1976, mai silinda huɗu, daga cikin jerin da aka fara fitarwa a 1969. Sau ɗaya aka taɓa kayar da shi a gwajin, kuma a shekarar da na fi kashe masa lokaci. Na sauke inji na gyara, na yi fenti, sai ya yi wata da watanni a kafe. Mai gwajin bai ko kalli injin ba. Ya ɗaga ƙafar gaba, ya juya kan babur hagu da dama, ya rubuta. Ya taka birkin baya, jar fitila ba ta kama ba, ya sake rubutawa. Shi ke nan.

Gwajin nan ba na ƙarfin inji ba ne. Abin da ake dubawa shi ne ko babur zai tsaya idan aka ce ya tsaya, ko zai juya inda aka juya shi, ko ana ganinsa da dare, ko kuma akwai abin da zai ɓalle a hanya. Tsohon babur da ake hawa kowane mako yana wucewa cikin sauƙi, wani lokaci ya fi sabo, domin ba shi da kwamfuta ko fitilar gargaɗi da za ta tona masa asiri. Wanda ke faɗuwa shi ne wanda aka ajiye ana goge shi. Zama ke busar da roba, ya daskarar da giris, ya sa tsatsa a bakin wayoyi.

Akwai kuma sassaucin da shekaru ke jawowa, domin yawanci da ƙa'idar zamanin da aka ƙera babur ake auna shi. A Birtaniya, babur ɗin da aka fara amfani da shi kafin Agustan 1986 ba dole ne ya kasance da sigina ba, kuma tun 2018 wanda ya haura shekara 40 ba tare da an yi masa babban sauyi ba an ɗauke masa gwajin MOT, wato gwajin lafiyar abin hawa na ƙasar, gaba ɗaya, kodayake doka ba ta ɗauke wa mai shi alhakin lafiyarsa ba. A Jamus duk shekara 2 ake gwaji komai tsufan babur, amma awon hayaƙi bai shafi waɗanda aka yi wa rajista kafin 1989 ba. Sai dai a kula: abin da ba dole ba ne, idan yana jikin babur, ana so ya yi aiki. Siginar da ba ta kamawa ta fi rashin sigina jawo magana.

Daga kan babur nake fara shiri, mako 2 kafin ranar, don in sami lokacin neman kaya. Ina kafe shi a ƙafar tsakiya, wani ya danna baya har tayar gaba ta bar ƙasa. Sai in tura kan da ɗan yatsa ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan. Idan ya ɗan tsaya a daidai tsakiya, kamar ya faɗa wani ɗan rami, boris ɗin wuya ya ci. Dalilinsa a fili yake: babur yana yin kusan duk tafiyarsa a miƙe, don haka ƙwallayen suna dukan wuri ɗaya shekara da shekaru har su lotsa mazauninsu. A hanya ba ka jin wannan, hannu ya saba da shi, shi ya sa yake kama mutane ba zato. Ƙara ɗaure notin ba magani ba ne, ƙara fito da ramin yake yi. Irin waɗannan baburan da sakakkun ƙwallaye suka zo, sama da 30, kuma duk ranar da ka kwance ba ka shimfiɗa tsumma a ƙasa ba sai ka yini kana nemansu. Na maye gurbinsu da boris mai siffar mazurari. Bayan tafiyar 'yan ɗaruruwan kilomita sai an sake ɗaure shi kaɗan, domin yana ƙara zama. Tun tayar na sama nake kama ƙasan shokazoban gaba in ja gaba da baya. Ƙwas-ƙwas na nufin wuyan ya yi sako-sako.

Haka nake kama kowace taya sama da ƙasa in girgiza don jin boris ɗin ƙafa, sannan in kama ƙarfen da ke riƙe da tayar baya in tura shi gefe da gefe. Motsin da bai kai milimita 1 ba a gindinsa yana zama babba idan ya iso taya. Wayoyin ƙafa kuwa da ɗan sifana nake bi ina ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya. Mai kyau ƙara take yi tsaf, sakakkiya kuma sai ka ji ɗif.

Birki ne ya fi cin lokaci. Man birki yana shan danshin iska, shi ya sa nake canza shi duk shekara 2 ko da ba a hau babur ɗin ba. Ruwan da ya taru yana sa fistin ya yi tsatsa ya maƙale, sai birki ya kama ya ƙi saki. Gwajin gida mai sauƙi ne: juya tayar gaba tana sama, matsa birki, saki, sake juyawa. Idan ta yi nauyi, a kwance a wanke, a canza robar. A birkin gaban CB750 akwai ƙarin wuri ɗaya, sandar da birkin ke lilo a kanta. Idan giris ɗinta ya bushe, gefe ɗaya ne kawai zai riƙa ci. Kada a haɗa man birki nau'in DOT 5 da DOT 3 ko DOT 4, ba jinsi ɗaya ba ne. Tiyon roba da ya haura shekara 40 kuwa, ko bai tsage ba, yana kumbura idan an matsa, sai hannun birki ya yi laushi kamar ana matsa soso.

Birkin baya na ganga ne, kuma a nan gizo ke saƙa. Takalmin birkin da aka manna da gam yana iya sakin fatarsa saboda tsufa ko da bai ci ba, kuma idan ta ɓalle a cikin ganga tana iya kulle taya. Ba na yarda da kaurinsa, buɗewa nake yi in gani. Ina kuma duba ɗan hannun da ke juya birkin: idan an taka sosai, kusurwar da ke tsakaninsa da sandar ja kada ta wuce digiri 90, in ta wuce ƙarfin birki raguwa yake yi. A gwajin Birtaniya ana neman birki ɗaya ya ba da kashi 30 cikin 100 na nauyi, ɗayan kuma kashi 25, kuma lafiyayyar ganga tana kaiwa nan ba wahala.

Tayar tsohon babur ba kasafai take cinyewa ba, bushewa take yi. Zanen yana nan daram, amma gefen ya yi tsage-tsage. A duba lambobi 4 na ƙarshe bayan alamar DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Idan lambobi 3 ka gani, an yi tayar kafin 2000, a cire ta ko da tana sheƙi. Zurfin zane mafi ƙaranci milimita 1 ne a Birtaniya, 1.6 a Jamus. A duba kibiyar gefen taya ma, an sha ɗaura taya a juye.

Wuta ce ke kayar da babur a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Makunnin jar fitilar birkin baya ɗan ƙaramin abu ne da sifirin ke ja, kuma duk lokacin da aka gyara tsayin abin taka birki sai an sake daidaita shi, wanda na manta ke nan a shekarar da na faɗi. Batir mai lafiya yana nuna volt 12.6 a kashe, ya hau tsakanin 13.5 da 14.5 idan an ba inji wuta. Tsoffin baburan ba sa caji sosai idan inji na aiki a tsaye, don haka da raunannen batir sigina takan tsaya cak ba ƙiftawa, hon kuma ya yi kukan rago. Kafin in zargi ƙwan fitila, ina kankare duk inda waya ke haɗuwa da jikin shasi, domin sabon fenti yana hana wuta komawa. Sai fitilar lamba, da madubin ja na baya, da tsayin hasken fitilar gaba, wanda nake daidaitawa a jikin bango ina zaune a kan babur, don nauyin mahayi yana sauya shi.

Shokazoban gaba: a goge sandunan tas, a danna sau 10, a sake dubawa. Zoben mai na nufin robar ta mutu. Idan akwai ɗigon tsatsa a inda robar ke hawa da sauka, sabuwar ma ba za ta daɗe ba. Ɗan gumin mai a jikin tsohon inji yawanci shawara kawai yake jawowa, amma man da zai iya sauka kan taya ko birki, ko ɗigon fetur daga kafireta ko tiyo, faɗuwa ce kai tsaye. Fetur mai haɗin etanol yana cin tsoffin tiyo, na canza nawa duka. Totur kuma dole ya koma da kansa idan an sake shi, ko kan babur na hagu ko na dama.

A ranar gwajin ina yin tafiyar kilomita 15 zuwa 20 kafin in isa, ina taka birki akai-akai don tsatsar faifan birki ta goge, batir ya cika, inji ya yi zafi ya zauna ba sai ana riƙe masa totur ba. Da salansar asali nake zuwa, ko wadda ba ta fi ta ƙara ba. A aljihu akwai ƙwan fitila, fiyus, da sukundireba. Abu na ƙarshe da nake dubawa kafin in fita shi ne lambar shasi da ke wuyan babur, in tabbata ana karanta ta kuma ta yi daidai da ta takarda harafi da harafi, domin fenti mai kauri yana cike lambobin, kuma mai gwajin da bai iya karanta su ba yana iya ƙin ci gaba.