Daga Gangar Mai Zuwa Ajin Ƙananan Yara

Gidauniyar Van Leer, wadda a da ake kira Gidauniyar Bernard van Leer, kuma hedikwatarta ke birnin Hague na ƙasar Holan, tana cikin ƙungiyoyin agaji da suka fi daɗewa a harkar ilimin ƙananan yara, kuma asalin dukiyarta gangunan ƙarfe ne irin waɗanda ake zuba mai a ciki. Attajirin da ke ƙera su, Bernard van Leer, ya kafa ta a 1949, ya rasu a 1958, daga baya ɗansa Oscar ya karkata akalarta zuwa ga 'ya'yan marasa ƙarfi waɗanda ba su isa shiga firamare ba.

Aikinta na farko a wannan fage ya soma ne a Jamaika a 1966, kuma shi ne ya fi jan hankalina. A can an tarar da ƙananan makarantun unguwa waɗanda jama'a suka buɗe da kansu, masu koyarwa a cikinsu kuwa galibi mata ne da ba su taɓa samun horon malanta ba. Maimakon a ture su gefe a gina sababbi, sai gidauniyar ta haɗa kai da Jami'ar West Indies aka riƙa horar da waɗannan matan suna kan aikinsu.

Mu ma a Katsina ba mu rasa irin wannan tushe ba. Duk wanda ya ratsa lungunan Ƙofar Soro da hantsi zai ji tashin karatu daga zaure, ya hango yarinya 'yar shekara huɗu rungume da allon da ya kusa kai tsawonta, tana jan baƙi tana kuma satar kallon mai tallan awara. Iyayenta ba za su iya kuɗin zango da yunifom na makarantar kuɗi ba, amma kuɗin Laraba ba ya gagararsu.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta shigar da kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe, sai dai buɗe aji daban ne, samun wadda ta iya riƙon yaro ɗan shekara huɗu daban. A ganina nan ne masu hannu da shuni namu suke yin sakaci, domin gini ya fi ɗaukar hankalinsu, wataƙila saboda bango ne ake iya rubuta suna a jikinsa. Kuɗin katanga guda sun isa a tara malamai mata na unguwa a lokacin hutu, a koya musu koyar da ƙirga da murafen kwalba, da yadda ake gane yaron da ba ya ji sosai tun kafin a yanke masa hukuncin daƙiƙanci.