Yunwar Holan da tabon da ta bari a jikin DNA

Kusan dukkan ƙwayoyin jikin mutum suna ɗauke da DNA iri ɗaya, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, wanda ake rubutawa da haruffa huɗu (A, C, G da T), amma ƙwayar hanta ba ta yin aikin ƙwayar ƙwaƙwalwa. Ɗaya daga cikin dalilan hakan shi ne wani ɗan ƙaramin sinadari mai suna metil, wanda ke liƙewa a kan harafin C na DNA, musamman inda harafin G ya biyo bayansa. Idan metil ya taru a mafarin wata ƙwayar gado, wato wani yanki na DNA mai ɗauke da umarnin wani aiki a jiki, sau da yawa sai ta yi shiru ta daina aiki, alhali rubutunta bai canza ba ko da harafi ɗaya.

A hunturun 1944 zuwa 1945, sojojin Jamus sun datse hanyar abinci zuwa yammacin Holan, har yunwa ta hallaka kimanin mutum 20,000. Wani bincike da aka wallafa a 2008 ya nuna cewa waɗanda aka ɗauki cikinsu a lokacin, bayan shekara 60, suna da ƙarancin metil a kan ƙwayar gadon IGF2, mai tasiri ga girman ɗan tayi, idan aka kwatanta su da 'yan'uwansu da yunwar ba ta shafa ba. Bambancin kaɗan ne, kuma a ganina masu cewa wannan tabon da yunwar ta bari a jikin DNA yana kaiwa har ga jikoki sun yi garaje.