Godiya ga duk wanda ya tsaya mana ranar gobara

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillahi, Alhamdulillahi. Sai yau na samu nutsuwar riƙe waya, har yanzu kayanmu warin hayaƙi suke, barci ma sai a hankali. Duk kun san abin da ya faru ba sai na maimaita ba, shago ya tafi, soro ya tafi, amma ba a rasa rai ba.

Abu ɗaya ne ya ƙi fita raina. Lokacin da iska ta kwaso wutar daga bolar bayan gida ta kama rumfar janareto, ga jarkar fetur a gefe, samari sun taho da bokitai za su sheƙa ruwa, sai mai shayin bakin layinmu ya sha gabansu yana ihu kar ku zuba ruwa, yashi, ku kawo yashi! Da hannunsa ya dinga ɗiba daga tulin yashin ginin maƙwabci har yatsunsa suka sale. Ashe ya taɓa zama wajen wayar da kai da 'yan kwana-kwana suka yi, can ya ji cewa fetur saman ruwa yake hawa, ruwan ya yi ta yawo da wutar. Da an zuba wallahi da ta gangara har ɗakin da Hajiya take kwance. Ya ce kar in ambace shi, Malam ka yi haƙuri na kasa. Allah ya raba ka da wutar lahira, Allah ya buɗa maka ta inda ba ka zato, ya shirya maka zuri'a, ya kai ka Makka.

'Yan garuwa da suka juye kurarsu suka ƙi karɓar ko sisi, ma'aikatan Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano da mota ta kasa shiga lungu suka ja tiyo da ƙafa, matan da suka kwashe mana yara, Allah ya biya ku da Aljanna. 'Yan uwa da ke nan cikin Kano amma jajensu ya tsaya a WhatsApp, mun gani, mun gode.

Mu da muka ga abin da gobara ta yi wa kasuwar Sabon Gari a 2016, don Allah a daina cinna wa bola wuta a tafi, ga hunturu komai ya bushe. Wutar jin ɗumi a kashe ta kafin a watse. Mai unguwa ya ce zai gayyato 'yan kwana-kwana su yi mana bayani, za a faɗi rana a masallaci, kuma a bar mata su zo, su ke tare da risho da gas.