Na rage wa mashin tsayi, na bar ƙafar da yake tsayuwa a kai

Har yau idan na kafe mashin ɗina sai na riƙe kansa na ɗan girgiza shi kafin in ba shi baya. Abokan tafiyata sun saba gani, wasu ma sun ɗauka tsabar son mashin ne. Abin ya samo asali ne daga wata Asabar da la'asar a ƙofar gidan yayana a Kaduna, ranar da Yamaha R6 mai nauyin kusan kilo 190 ya kife ta gefen dama, tsakaninsa da ƙafar yaron gidan ɗan shekara shida ko taku ɗaya babu.

Tsayina mita 1.62 ne. Kujerar R6 kuwa, tun daga samfurin 2006, milimita 850 take daga ƙasa. Na san haka kafin in saya. An nuna mini Ninja 400 mai kujera 785, an nuna mini R3 mai 780, kowa ya ce in ɗauki ɗaya daga ciki in huta, amma zuciya ta riga ta zauna a kan R6. Wanda ya taso a kan Jincheng da Boxer bai san ƙasa tana da nisa ba sai ranar da ya hau irin wannan. Idan mashin na tafiya babu ruwansa da tsayinka. Wahalar tana wajen tsayuwa: a danja, a cunkoson titin Ahmadu Bello, a gefen kwalta inda yashi ya taru. Sati biyu na yi ina tsayuwa a kan 'yan yatsun ƙafa biyu, gabana na faɗuwa duk lokacin da motar gabana ta taka birki.

Sai na yi odar ƙarfen rage tsayi, wanda ake sawa a madadin ɗan ƙarfen da ya haɗa shakazoba da hannun tayar baya. Irin mai noti ne, ana juya shi a ƙara ko a rage. Na ce wa bakanike ya sauke baya da milimita 40. Ko awa ɗaya aikin bai ci ba. Da na hau na ji tafin ƙafafuna biyu sun kama ƙasa, wallahi farin cikin da na yi ya fi na ranar da na sayi mashin ɗin.

Ina sauka na kafe shi, bakaniken ya ja da baya ya ƙura masa ido. Ya ce, "Oga, dubi yadda ya miƙe. Ƙafar nan ta yi masa tsayi yanzu, tana son a rage ta."

Na ce, "To, gobe in sha Allahu."

Kwana tara goben nan ta yi. Wannan ne yake ci mini rai har yanzu, don an faɗa mini, da kunnena na ji.

Lissafin ba shi da wuya. An ƙera ƙafar jingina daidai da tsayin mashin na asali, yadda zai kwanta hagu sosai nauyinsa ya zauna a kanta. Idan ka sauke jikin mashin ka bar ƙafar yadda take, sai ta tokare shi ya tsaya kusan a miƙe. A kan shimfiɗaɗɗen siminti zai tsaya, ka ɗauka lafiya. Amma idan ƙasar gefen hagu ta ɗan fi tudu, ko taya ta rage iska, ko wani ya ɗora nauyi shakazoba ta lotsa, ɗan kwanciyar da ya rage masa ya ƙare ke nan.

Ƙofar gidan Yaya tana da ɗan gangare zuwa kwata, ni kuma na kafe shi kwatar na gefen dama. Muna zaure muna gaisawa, yaron ya fito. Abin da kowane yaro zai yi ya yi: ya taka matakin ƙafa na dama, ya kama tanki zai hau. Ta bakin zaure na hango mashin ya miƙe a hankali, ya ɗan tsaya cak, sannan ya tafi. Yaron ya saki ya faɗa da baya a kan mazaunansa. Ƙarar da na ji ta roba ce da gilashi, ban ji kuka ba, kuma shirun nan shi ya fi tsorata ni. Da muka fito yana zaune, idonsa a buɗe, silifas ɗinsa ɗaya na ƙarƙashin mashin.

Yaya ya ɗauke shi ya duba ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce kawai, "Kai, ɗaga abin nan ka fitar mini da shi daga ƙofar gida." Na ce, "To, Yaya." Sai da maƙwabci ya kama mini muka ɗaga, hannuna na rawa.

Robar gefen dama ta tsage tun daga fitila har ƙasa, madubi ya karye, hannun birki ya gutsure, tanki ya lotsa. Kuɗin gyaran ya ninka na ƙarfen da aikin sawa sau da yawa, robar ma sai da na jira ta makonni daga Legas. Aikin ƙafar da na ɗaga zuwa gobe kuwa, na rabin yini ne.

Zaman jiran nan ne ya sa na yarda da wasu abubuwan da nake ji a kwana taran ina kawar da kai. Da na sauke baya kaɗai, gaba ya ɗago, kan mashin ya yi nauyi a kwana, sai na danna shi da ƙarfi kafin ya kwanta, alhali R6 da saurin shiga kwana aka san shi. Fitila ta koma haska fuskar masu tahowa. Tsakanin cikin mashin da ƙasa, wanda milimita 130 ne a asali, ya ragu sosai, har tudun rage gudu na cikin unguwa ya kankare mini tukunyar salansa sau biyu. Duk na sani, amma daɗin taka ƙasa ya rufe mini ido.

Da za mu sake aikin, na mayar da baya zuwa milimita 20 kacal. Gaba kuma muka sassauta notukan da suka riƙe sandunan shakazoba muka turo su sama da milimita 10, don mashin ya sauka gaba da baya tare. Kada a zarce a nan, don idan ka taka birki da ƙarfi madigadi na iya dukan lagireto. Mun ɗaura siririyar roba mai zugewa a jikin sandar, na fita na taka birki sosai sau da yawa, muka duba inda robar ta tsaya muka tabbatar akwai sauran fili. Muka sake daidaita sarƙa da fitila. Wani ya ba ni shawarar in sassauta sifirin na baya gaba ɗaya mashin ya lotsa da kansa. Na ƙi, don abin da za ka samu shi ne mashin mai lilo da ke dukan ƙarshensa a kowane rami. Lotsawar da ta dace idan ka zauna wajen milimita 30 zuwa 35 ce, a nan muka bar ta.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne kujera. Soson kujerar irin waɗannan mashina ba shi da kauri, babu abin kirki da za a yanke daga sama. Mai kushin ɗin da na kai wa, dattijo ne, ya sa na zauna a kanta a kan benci, ya zana da alli inda cinyoyina suke bugawa. Ya ce, "Ɗana, faɗinta ne ke buɗe maka ƙafa." Ya feƙe gefe da gefe ta wajen tanki, ya goge da sanfefa, ya mayar da fatar. Da awo kusan babu abin da ya ragu a tsayi, amma ƙafata ta sauka a miƙe maimakon ta zagaya. Da na fara da wannan, da wataƙila ban nemi milimita 40 ba, da ƙafar jingina ba ta yi tsayin da ta yi ba.

Sauran kuma koyo ne. Wani da ya girme ni a harkar ya nuna mini in daina neman ƙafa biyu: kafin ka tsaya ka zame mazauninka hagu, ka sauke ƙafar hagu gaba ɗaya, ta dama na kan birkin baya, idonka ya riga ya zaɓi inda za ka taka. Ya tuna mini da Dani Pedrosa ɗan Sifaniya, mai tsayin mita 1.58, wanda ya yi wa Honda tseren MotoGP, babbar gasar mashina ta duniya, daga 2006 zuwa 2018 ya ci tsere 31. Gaskiya ne a filin tsere babu danja babu kwata, amma maganar ta ƙarfafa mini gwiwa. Na yi safiya da yawa a wani fili ina tashi ina tsayawa har jiki ya saba. Na kuma sayi takalmin hawa mai kaurin ƙasa.

Ƙafar jingina kuwa, a ranar aka yi ta, mashin bai fita daga gareji ba sai da aka gama. Ga yadda muka auna: muka ɗora tayoyin biyu a kan katako, ƙafar na ƙasa, muna ƙara kauri har mashin ya kwanta yadda yake kwanciya a da. Kaurin katakon shi ya nuna mana kimanin abin da za a rage. Kafin a kai wa mai walda a gwada ta da maganaɗisu, don idan ta alminiyum ce waldar bakin titi ba za ta riƙe ba. Ni wata ta ƙarfe na samo aka yanke daga tsakiya aka haɗa, ta asali na ajiye saboda ranar sayarwa. A kuma tabbatar an mayar da ɗan makunnin da ke kashe inji idan an sa giya ƙafar na ƙasa.

Bayan wata biyu na koma gidan Yaya da mashin. Na wuce ƙofar, na kafe shi a jikin katanga inda ƙasa take a shimfiɗe, na bar shi a giya ta ɗaya. Yaron ya leƙo daga zaure ya gaishe ni, "Kawu, sannu da zuwa," amma bai matso kusa da mashin ɗin ba, kuma har yau bai sake taɓa shi ba.