Wasiƙa daga Seattle: Makaɗan Garin Yayyafi

Zuwa ga 'yan'uwa da abokan arziki da ke gida,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, ya iyali, ya hidimomi. Mu ma nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Tun ranar da na sa hotona a Facebook sanye da wata baƙar riga mai rubutun SUB POP, ƙannena da tsofaffin abokan makaranta suke ta tambayata ko ƙungiyar ƙwallo ce. Kamfanin faifai ne, ɗan ƙarami, a nan garin Seattle da ke jihar Washington, can ƙuryar arewa maso yammacin Amurka. Amsar ta fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa na zauna na rubuta muku ita a tsanake.

Wanda bai zauna a garin nan ba ba zai gane duhunsa ba. Daga Oktoba har wajen Mayu sama a rufe take. Ruwan kuma ba irin namu ba ne mai zuwa da iska da tsawa ya zuba ya ɗauke, yayyafi ne siriri da ke wuni ya kwana. A watan Disamba kafin huɗu da rabi na yamma rana ta faɗi. Ka yi la'asar, kafin ka gama naɗe darduma magariba ta kawo jiki. Shekarata ta farko ina aikin raba kaya a mota, an haɗa ni da wani dattijon Bature mai dogon gashi da ya yi furfura. Wata safiya ya zura faifai a rediyon motar, wani sauti ya fito mai kaushi, kamar ana yaga buhu. Na ce masa sifikar nan ta fashe. Ya girgiza kai, ya ce haka makaɗan suka so a ji shi. Na yi shiru muka ci gaba da tafiya, abin share gilashi yana ta kai da komowa, fitilun motoci suna narkewa a jiƙaƙƙen titi. Kafin mu sauke kayan unguwa ta uku na ce ya maido shi daga farko. Kewar gida da ta cushe mini ƙirji wata da watanni, ranar na ji wani ya fitar da irinta da ƙarfin murya.

Faifan na wani rukunin makaɗa ne mai suna Mudhoney, sunansa Superfuzz Bigmuff, wanda Sub Pop ya fitar a 1988. Sunan ma na wasu 'yan akwatuna biyu ne da mai jita ke takawa da ƙafa don sautin ya yi datti. Daga wannan dattin aka samo sunan kiɗan gaba ɗaya, grunge, kalmar da ke nufin dauɗa.

Mutum biyu ne suka kafa kamfanin. Bruce Pavitt ya fara da 'yar mujalla tun 1980 yana ɗalibi a Olympia, yana rubutu kan makaɗan ƙananan garuruwa da manyan kamfanonin New York da Los Angeles ba su san da zamansu ba. Jonathan Poneman kuma mai shirya wasanni ne da aikin rediyo. Wanda ya haɗa su shi ne Kim Thayil, mai jitar rukunin makaɗa na Soundgarden, ɗan asalin Indiya ta wajen iyaye. A watan Afrilun 1988 suka ajiye ayyukansu suka kama ɗan ofis a tsakiyar gari. Kuɗi babu, amma suna da dabara. Kusan duk faifan farko-farko mutum ɗaya ne ya naɗe su, Jack Endino, a wani ƙaramin situdiyo, don haka sautin ya zama iri ɗaya, da ka ji ka san na gidan ne. Hotunan bango kuma na Charles Peterson ne, baƙi da fari, gashi na tashi sama, fuskoki sun dusashe saboda motsi, kana kallo kamar kana jin warin zufa. A 1989 suka biya wa wani ɗan jarida, Everett True na mujallar Melody Maker, kuɗin jirgi daga Landan ya zo ya gani da idonsa. Ingila ta fara yabo, sannan Amurka ta waiwayo ta ga abin da ke bayan gidanta.

Akwai wata dabararsu da nake so ƙwarai. Mutum zai biya kuɗi tun kafin a buga komai, kowane wata a aiko masa da ƙaramin faifan garmaho ta gidan waya, bai san na wa zai samu ba. Amana ce zalla. Faifan farko da aka aika a wannan tsari, a Nuwamban 1988, kwafi 1,000 kacal aka buga, na wasu samari ne daga Aberdeen da ake kira Nirvana.

Na san wannan sunan ne wasunku za su gane, ko don rigunan gwanjo masu fuskar murmushi da ke yawo a kasuwanninmu. Na taɓa tuƙi zuwa Aberdeen, tafiyar kamar awa biyu daga nan. Garin masu saran katako ne da arzikinsa ya ja baya, gidaje na itace da fentinsu ya kwaile, kogi mai launin laka. A nan Kurt Cobain da Krist Novoselic, waɗanda suka kafa Nirvana, suka tashi. Faifansu na farko, Bleach, da ya fito a Yunin 1989, dala 606 da 'yan kwabbai aka kashe wajen naɗarsa. Ni har gobe shi na fi so a cikin nasu. Nauyi gare shi, kiɗan na jan ƙafa kamar mai tafiya a caɓi, muryar Cobain kuma tana tsagewa a wuraren da mawaƙin da ya ƙoshi zai lallaɓa. Ba a yi masa kwalliya ba.

Sauran labarin duniya ta sani. Nirvana suka koma babban kamfani, faifansu Nevermind ya fito a Satumban 1991, zuwa Janairun 1992 ya ture faifan Michael Jackson daga matsayi na ɗaya a Amurka. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne a daidai lokacin Sub Pop na dab da durƙushewa, bashi ya yi masa katutu, an sallami ma'aikata. Abin da ya cece shi takarda ce. Novoselic ne tun farko ya matsa lallai a rubuta musu yarjejeniya, a lokacin da kamfanin ke harka da makaɗansa da baki kawai. Wannan takardar ta sa dole babban kamfanin ya biya Sub Pop, ya kuma ba shi kaso a cinikin sabon faifan.

Ba zan ɓoye muku ɗaya gefen ba, don na san iyayenmu za su karanta. Ƙwaya ta yi wa wannan zamani mummunar ɓarna, musamman hodar heroin. Andrew Wood, mawaƙin da kowa a garin ke sa ran zai fara yin suna, ya mutu a 1990 yana da shekara 24. Cobain ya kashe kansa a Afrilun 1994 yana da 27, ya bar 'yar ƙaramar yarinya. Kusa da gidan da ya rasu akwai wani ɗan fili, Viretta Park, da benci da mutane suka cika da rubutu. Na je sau ɗaya da yamma, na tarar da wata mata da ta manyanta zaune ita kaɗai, ta ajiye furanni a gefe. Ban yi mata magana ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yaro ne, sa'ar ƙanina, duniya ta ɗora masa kayan da ya fi ƙarfin wuyansa. Ba na jin daɗin yadda wasu ke mayar da wannan mutuwa abin ado. Asara ce.

Soundgarden kuwa na girmama su fiye da yadda nake saurarensu. Muryar Chris Cornell tana hawa inda ba ka zaci muryar namiji za ta kai ba, kuma ƙaramin faifansu na 1987 yana cikin tubalan farko na kamfanin. Shi ma ya rasu a 2017. Wanda nake komawa gare shi da daddare shi ne Mark Lanegan, mawaƙin Screaming Trees daga Ellensburg, wanda Sub Pop ya fitar masa da faifansa na kashin kansa a 1990. Murya ce mai zurfi da kaushi, kamar ana jan tsakuwa a ƙasan rijiya. Ba ya ihu, ba ya gaggawa. Ya rasu a ƙasar Ireland a 2022, kuma ranar da na ji sai da na tsayar da mota a gefen hanya na ɗan zauna.

To amma in kun ce in zaɓi ɗaya, Mudhoney ne, kuma ba don su na fara ji ba kawai. Mawaƙinsu Mark Arm da mai jitarsu Steve Turner a da suna cikin Green River, rukunin da ake cewa daga shi abin ya faro. Da ya watse, abokansu biyu, Stone Gossard da Jeff Ament, suka bi hanyar da ta kai su ga Pearl Jam, masu cika filayen ƙwallo. Mudhoney ba su taɓa yin irin wannan kuɗin ba. Sun je babban kamfani a 1992, suka yi 'yan shekaru, suka dawo gida a 2002, kuma har 2023 sun fitar da sabon faifai a Sub Pop. Guy Maddison, mai kaɗa musu jita mai kaurin murya, ma'aikacin jinya ne. Shi kuwa Mark Arm, mutumin da Cobain kansa yake girmamawa, shekara da shekaru shi ne mai kula da sito na kamfanin, yana ɗaure kwalaye yana aika wa masu saye. Ni da nake cin abinci da ɗaukar kwali, wannan ya taɓa ni. Mutum ya san darajarsa, ya riƙe sana'arsa, da dare ya hau dandamali ya yi abin da yake so, da safe ya koma bakin aiki ba tare da jin an rage shi da komai ba.

Bayan guguwar ta lafa kamfanin ya sha wuya. A 1995 ya sayar da kashi 49 cikin ɗari ga babban kamfanin Warner, Pavitt ya bar harkar, mutane da yawa suka ɗauka an gama. Sai ga shi ya farfaɗo da sautin da ba shi da alaƙa da ihu. The Shins daga New Mexico suka fito a 2001 da waƙoƙi masu taushi. A 2003 aka samu The Postal Service, mutum biyu da ke garuruwa daban-daban, ɗaya ya haɗa kiɗa a kwamfuta ya aika ta gidan waya, ɗayan ya ɗora murya ya mayar. Fleet Foxes, 'yan nan garin, suka zo a 2008 da muryoyi huɗu biyar da ke hawa kan juna. Su nake sa wa idan 'yata ta ƙi barci. Waɗannan duk ina jinsu, amma ba su kama ni kamar Low ba. Miji da mata ne daga Duluth, garin sanyi a jihar Minnesota, Alan Sparhawk da Mimi Parker. Ita tana tsaye tana buga 'yan ganguna biyu uku a hankali, muryoyinsu na tafiya tare kamar mutanen da suka daɗe suna cin tuwo a kwano ɗaya. Ciwon daji ya ɗauke ta a Nuwamban 2022. Tun daga nan in na sa faifansu ina jin gurbin da ta bari tun kafin waƙar ta ƙare.

Akwai kuma inda hanyar ta biyo ta wajenmu. A 2010 wani reshe na Sub Pop ya fitar wa Amurkawa faifan Bassekou Kouyate na ƙasar Mali, mai kaɗa ngoni, ɗan'uwan molonmu. Ranar da na gan shi a kanti, da tambarin kamfanin da ya fitar da Nirvana a bayansa, na daɗe ina juya shi a hannu. Shekara guda bayan haka suka fitar da faifan Shabazz Palaces, rukuninsu na farko na masu waƙar hip hop: Ishmael Butler, baƙar fata ɗan Seattle, da Tendai Maraire, wanda mahaifinsa gwanin kaɗa mbira ne, wani abin kiɗa mai 'yan ƙarafa da ake taɓawa da yatsa, daga Zimbabwe. Kiɗansu ba ya shiga kunne a ji na farko, sai an ba shi lokaci, amma ƙarar 'yan ƙarafan mbira a ƙarƙashin na'ura tana tuna mini cewa baƙaƙen garin nan ma suna da nasu labarin.

A watan Agustan 2018 kamfanin ya yi bikin cika shekara 30 a bakin ruwan Alki, kyauta, kowa ya zo. Rana ce ta bazara, irin wadda garin ke jira wata takwas. Na je da matata da 'yarmu, muka sa mata abin toshe kunne. Can na hango dattijon nan abokin aikina na da, ya riga ya yi ritaya, yana dogara sanda. Muka rungume juna. Da Mudhoney suka hau, Mark Arm ya ajiye jita ya kama makirufo da hannu biyu, siririn mutum mai shekara hamsin da 'yan kai, ya lanƙwasa baya ya saki wannan muryar. Dattijon ya matso kunnena ya tambaye ni ko har yanzu sifikar a fashe take. Na kasa ba shi amsa saboda abin da ya taso mini a maƙogwaro.

Rigar kuwa, a kantin Sub Pop da aka buɗe a cikin filin jirgin saman Seattle a 2014 na saye ta. Wanda kuma ke son ɗanɗanawa daga gida, ya fara da Lanegan ko Low da daddare bayan gari ya yi shiru, ya bar Mudhoney sai ranar da abu ya cushe masa a ƙirji.

A gaida su Baba da Inna, a gaida yara. Ina nan tafe da yardar Allah in an sha ruwa.

Naku,
Ɗan'uwanku a Seattle