Kaset ɗin Baba da samma'a biyu da na gwada a Jidda

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar mana kaset 43 a cikin wata tsohuwar jakar fata. Karatunsa ne na Alƙur'ani da ɗan tafsiri da Hausa, wanda yake yi wa 'yan'uwa bayan isha'i a gidanmu na Shara Mansur a Makka, tun kafin aiki ya dawo da ni Jidda. Kaset kuwa ba ya jiran kowa, zafi da damshin bakin teku suna cin zarensa a hankali. Shi ya sa na ɗaura ɗamarar kwashe su cikin kwamfuta kafin muryar ta kuɓuce mana.

Samma'ar da nake da ita a lokacin, wadda a gida Najeriya ake ce wa hedfon ko iyafis, marar igiya ce, ta Bluetooth, mai rufe kunne ruf, mai kashe hayaniyar waje. Riyal 1,300 na ba da a kanta, kuma ina alfahari da ita. Da ita na yi wata biyu ina gyaran kaset goma na farko a manhajar gyaran sauti ta Audacity. Tsohon kaset yana da wata ƙara "sss" da ba ta yankewa, ni kuma na ƙi jininta, na yi ta matsa maɓallin rage ƙara har sai da na ji tsit. A kunnena aiki ya yi kyau, murya ta fito da kauri, babu shara.

Na kai wa wani dattijo aminin Baba a unguwar Hindawiyya, mahaddaci ne, tare suka yi karatun allo. Ya kara wayata a kunne ya saurari Suratul Asri sau biyu, sannan ya ajiye ta a kan darduma ya ce, "Ɗana, ina sadin mahaifinka? Shi fa ba ya haɗa sadi da sinun. Nan duk ka mayar masa da su ɗaya." Na ce, "Baba Malam, ƙarar kaset kawai na cire." Ya ce, "To ka cire har da haruffa."

A daren nan ban yi barci ba. Garin neman gira na rasa ido. Ƙarar kaset da fitar haruffa irin su sinun da sadi da zayun wuri ɗaya suke zaune, can saman sauti, idan ka yi wa ɗaya aski mai yawa sai ka haɗa da ɗayan. Samma'ata kuma an tsara ta ne don ta faranta wa mai sauraro rai: tana ƙara kaurin ƙasa, tana lallashin sama. Ɓarnar da nake yi tana nan, ita kuma tana shafa mata mai.

Ɗan yayata, wanda ke harkar ɗaukar sauti a wajen bukukuwa, shi ya ce, "Kawu, mai igiya za ka nema, kuma mai buɗaɗɗen baya." A Haraj, kasuwar kayan hannu, muka samu Sennheiser HD 600 ta hannu a riyal 800. Wannan samfuri tun 1997 kamfanin na Jamus ya fito da shi, har yau ana ƙera shi, masu haɗa sauti kuma ba su daina amfani da shi ba. Tana da nata sharaɗi: om 300 gare ta, ma'ana tana son wuta fiye da abin da ramin kwamfutata ke bayarwa. Da na jona ta kai tsaye, muryar ta fito a sanyaye kamar daga ɗaki na uku. Sai da na ƙara riyal 250 na sayi 'yar na'ura mai girman ɗan yatsa da ake jonawa ta USB, wadda ke juya lambobin kwamfuta su zama sauti kuma ta ƙara musu ƙarfi. Duk wanda zai sayi irin wannan samma'a ya sa kuɗin nan a lissafi tun farko.

Da na saka kaset na farko da ban taɓa ba, na ji abin da ban ji ba wata biyu. Ga ƙarar kaset nan, gaskiya, har ta fi da fitowa. Amma ga numfashin Baba kafin doguwar aya, ga gunnarsa tana fita ta hanci, ga ƙarar kofin shayi da wani ya ajiye daga hagu, can nesa kuma muryar ƙanwata tana ƙarama. Na buɗe wanda na "gyara", sai na ji muryar kamar ana magana a ƙarƙashin ruwa. Na goge aikin wata biyu na koma farko.

Da farko na ɗora laifin duka a kan Bluetooth, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sauti mai ingancin faifan CD yana gudu ne da kilobit 1,411 a daƙiƙa, Bluetooth kuwa bututunsa bai kai nan ba, dole a matse sautin a zubar da wani abu. Tsarin SBC, wanda kowace samma'ar Bluetooth ke da shi, yana tsayawa ne a wajen 328. LDAC na kamfanin Sony yana kaiwa 990, kuma wayoyin Android sun samu shi tun fitowa ta 8 a 2017. iPhone ba ya amfani da LDAC, AAC yake turawa. Akwai kuma jinkiri: kana kallon layin sauti a allo ya wuce, sannan kunnenka ya ji. Ga mai sauraro kawai ba komai ba ne, amma ga mai yanka tari daga tsakiyar aya, ɗan jinkirin nan yana sa wuƙa ta sauka a inda bai kamata ba.

Sai dai ɗan yayata bai yarda da ni ba, ya ce mu gwada. Samma'ata marar igiya tana da ramin da ake jona mata igiya. Ya ɗaure mini ido da rawani, ya rataya mini igiyar a kafaɗa ko ta shiga ko ba ta shiga ba, ya daidaita ƙarfin murya, ya yi ta sauyawa sau goma tsakanin igiya da LDAC. Sau shida na faɗa daidai, wanda bai wuce cankar da kowa zai iya yi ba. Da ya sauke zuwa SBC na fi gane bambancin, saman sautin ya ɗan yi ƙaiƙayi. Wannan gwaji ya gyara mini tunani. Igiyar kanta ba ta da wani asiri. Tazarar da na ji tsakanin samma'o'in nan biyu, mafi yawanta daga ƙirar lasifikar ne da yadda aka daidaita ta. Riyal 1,300 ɗin da na ba da an raba shi ne tsakanin batir, da makirfo masu sauraron hayaniya, da ƙwaƙwalwar da ke sarrafa su, lasifika ta samu abin da ya rage. Mai igiya kuwa kusan duk kuɗinta a kan sauti ya ƙare.

Ban jefar da marar igiya ba, kuma ba zan ce wa kowa ya jefar ba. HD 600 bayanta raga ce, abin da ke waje yana shigowa, abin da kake ji yana fita. Ɗakina mukayyif na taga gare shi, wato na'urar sanyaya ɗaki, idan yana ruri rabin abin da na saye ta dominsa ya tafi. Sai na koma yin aiki bayan sallar asuba, in kashe sanyin in jure gumi na awa ɗaya. A jirgin ƙasan Haramain zuwa Madina, ko a motar haya zuwa Makka cikin azumi, ba ta da amfani ko kaɗan, makwabcinka ma zai ji duk abin da kake ji. A nan marar igiya ke nuna kanta. Ka danna maɓalli, gurnanin hanya ya lafa, ka ji karatu da ƙaramar murya ba tare da ka ƙure wa kunnenka sauti ba. Shiru ta sayar mini, kuma shirun ya ci kuɗinsa.

Wajen daɗewa ne lissafin ya karkata sosai. Marar igiyata tana shekara ta huɗu, cajin da yake kai ni kwana uku yanzu da kyar yake wuce yini. Batirin lithiyam ba ya shiri da zafi, ni kuma na sha barinta a mota da rana tsaka, wannan kuskurena ne. Fatar kunnenta ta fara saɓulewa saboda gumi. Batirin a rufe yake a ciki, sauya shi sai wajen mai gyara. Ita kuwa HD 600 na same ta da tsohon matashin kunne, na cire na sa sabo da hannuna, igiyarta ma zarewa take a sauya. Ba ta da batirin da zai mutu, ba ta jiran sabunta manhaja. Ina sa ran ɗana zai gaje ta.

Makon jiya na koma Hindawiyya da kwamfuta da samma'ar a jaka. Wannan karon ƙarar kaset kaɗan na rage, na bar sauran. Na ɗora wa Baba Malam ita a kai, na gyara masa hula, na kunna Suratul Asri. Bai ce komai ba har ta ƙare, leɓɓansa dai suna bin karatun. Ya ɗaga yatsa alamar in maimaita. Da ta sake ƙarewa ya share ido da bakin rawaninsa ya ce, "Ga sadin nan. Saura nawa?"

Na ce, "Saura kaset 11, Baba."

Ya ce, "Ka kawo mini na Yasin idan ka kai. Ina wurin ranar da aka ɗauke shi."