Injin 200 a jikin tsohon CG: kada ka yarda a ce maka biraket ɗin sama ba komai ba ne

Duk inda na faka mashin ɗin nan a cikin Katsina sai an samu wanda zai durƙusa ya leƙa ƙarƙashin tanki yace Malam wannan ai ba injinsa ba ne. E ba nasa ba ne, inji mai cc 200 ne ɗan China a ciki, kuma kowa tambaya ɗaya yake yi, yana gudu? Yana gudu mana, amma ni ba gudun ne ya dame ni ba. Abin da nake so duk mai niyyar irin wannan aiki ya ji shi ne maganar wasu 'yan ƙarafa guda biyu da ke riƙe kan inji da shasi ta sama, wato biraket ɗin sama, waɗanda aka ce min ba su da wani amfani, kuma rashinsu ya kusa zubar da ni a kan titin Daura.

Mashin ɗin Honda CG125 ne tsohon yayi, mai wutar 6 volt da kwantak, giya huɗu, na kawuna ne ya bar min. Wanda ya san CG ya san ba a banza ya yi suna ba. Honda sun fito da shi a 1975 ne musamman saboda ƙasashe irin namu inda mutum zai yi ta tuƙi bai canza baƙin mai ba, shi ya sa suka yi masa inji mai sandunan tura bawul maimakon cen ɗin taimin, inji ne da ke jure wulaƙanci. Amma komai juriyar ƙarfe yana da iyaka. Nawa an yi boring har silindar ta ƙare, yana hayaki yana shan baƙin mai, da safe sai ka yi kik har gumi ya karyo maka kafin ya tashi, kayansa na asali kuma ba ka samu sai jabu. Shasin ne har yanzu garau, ƙarfen da ne mai nauyi, ban ga dalilin da zai sa in kai shi wajen 'yan gwangwan ba.

Sauƙin da ake samu shi ne yawancin injinan China masu sandar bawul ɗin nan kwafin CG ne, dan haka ramukan ƙasa da na baya suna zama daidai. Na shiga Kano na sayo sabon 200 a kwali, irin wanda lambarsa ke farawa da 163FML, da kafiretarsa PZ30 da CDI (akwatin da ke sarrafa wutar filogi) da kwayil da rektifaya (mai daidaita wutar cajin batir). Ga wani abu da ya kamata a lura da shi tun kafin a biya kuɗi. Injin 125 faɗin fistin ɗinsa milimita 56.5 ne, tafiyar da fistin ke yi sama da ƙasa kuma 49.5. Na 150 an ƙara faɗi ne kawai zuwa 62, tafiyar tana nan 49.5, shi ya sa 150 ke shiga salin alin. Shi kuwa 200 faɗinsa 63.5 amma tafiyarsa 62.2, wato silindarsa ta fi tsawo, kansa ya fi ɗagowa sama, kuma girgizarsa ta fi yawa. Duk matsalar daga nan ta taso.

Maganar wuta ba zan ja ta ba, kowa ya san sai an koma 12 volt, a canza batir da ƙwayaye da hon da filasha, a sake wayarin gaba ɗaya kada a yi faci. Wannan ya tafi lafiya, sai gidan batir da muka ɗan faɗaɗa. Salansa ma ta zauna bayan an ɗan lanƙwasa wuyanta.

Da aka ɗora inji aka zura kusoshin baya da na gaba komai ya shiga, sai aka zo kan biraket ɗin sama, ramin kan inji ya wuce ramin biraket, ba da yawa ba, bai kai faɗin yatsa biyu ba amma dai kusa ba za ta shiga ba. Nace wa makanikin Oga wannan fa? Ya ɗauki ƙarafan biyu ya juya su a hannu ya jefa cikin kwanon notuna yace "Malam rabu da su, kusoshi nawa ne ke riƙe da injin nan ta ƙasa? Wannan na sama ado ne kawai, mashina nawa na haɗa ba shi." Mutum ne da ya shekara da shekaru yana wannan sana'a, yaransa na tsaye suna gyaɗa kai. Har yau idan na tuna yadda ya jefa su cikin kwanon nan raina sai ya ɓaci, saboda aikin da bai fi na awa ɗaya ba ne wajen mai walda, kawai dai yamma ta yi yana so ya tashi.

Kwanakin farko wallahi daɗi kawai nake ji. Mashin da da in na ɗauki mutum sai na yi ta sauke giya, yanzu ina taɓa totur yake zabura, ga sitata ba sauran kik da safe, ga giya ta biyar. Na bi shi a hankali har ya saki jiki, na canza baƙin mai da wuri kamar yadda ake yi wa sabon inji. Amma tun a lokacin alamu suna ta fitowa. Madubi ba ka ganin komai a ciki sai inuwa tana rawa. Ƙwan fitilar baya ya mutu na sa wani ya sake mutuwa. Notin salansa ya kwance, lambar mashin ta tsage daga wajen kusa, in na yi tafiya daga Ƙofar Ƙaura zuwa wajen Batagarawa na dawo sai in ji yatsuna sun yi sanyi kamar ba nawa ba. Na koma na faɗa masa yace ai haka 200 yake, zai daidaita. Bai daidaita ba.

Ranar da abin ya faru zan je Daura ne ɗaurin aure, tafiyar wajen kilomita 80, hanya mai kyau da mutum zai saki mashin. Na wuce Mashi kaɗan sai na ji kan mashin ya canza, ba wai taya ta sace ba, a'a, wani irin laushi ne, in na ja birkin gaba sai in ji kamar gaban mashin da bayansa ba tare suke ba, ga wata ƙara ƙas ƙas daga ƙarƙashin tanki duk lokacin da na saki totur. Allah ya sa na sauka gefen titi. Na duba taya lafiya, shokazoba lafiya, sai da na durƙusa na bi bututun shasi da ke saukowa daga wuya zuwa gaban inji da yatsa, a nan na ga layi siriri kamar gashi ya zagaye fiye da rabin bututun, fentin ya tashi a gefensa, wani jan gari mai kama da tsatsa yana fitowa daga ciki. Na ja birkin gaba na tura mashin, da idona na ga tsagar tana buɗewa tana rufewa. Jikina ya mutu. Minti kaɗan kafin nan ina kan gudu ga manyan motoci suna wuce ni. Ɗaurin auren da ban je ba kenan, a bayan a-kori-kura muka dawo Katsina ni da mashin.

Wani dattijo mai walda da aka nuna min shi ne ya fara yi min bayanin da ya kamata in ji tun farko. Ko tambayata bai yi ba, ya cire tanki ya kalli wajen da babu komai yace "Ɗana wa ya cire maka na nan?" Nace Baba an ce min ado ne. Ya yi salati. Yace in duba ƙarƙashin injin, akwai ƙarfen shasi da ya bi ta ƙasa? Babu. A CG bututun gaba yana ƙarewa ne a gaban inji, daga nan injin da kansa ne ke haɗa gaba da baya, wato inji ba zama yake yi a cikin shasi ba, shi ma shasi ne. Biraket ɗin sama shi ke hana shi rawa gaba da baya, in ka cire shi duk bugun da fistin ke yi da duk ramin da ka faɗa sai ya tafi ya taru a bututu ɗaya tal, kuma ka ɗora masa injin da ya fi na asali nauyi da girgiza. Kamar ka cire dutse ɗaya daga murhu ne ka ƙara girman tukunya.

Yadda ya yi gyaran ma abin koyo ne. Kafin ya kunna injin walda sai da ya sa aka cire batir da CDI da rektifaya, saboda wutar walda tana ƙona su. Ya huda ɗan rami a kowane ƙarshen tsagar dan kada ta ci gaba da tafiya, ya yanke wajen ya zura wani guntun bututu a ciki ya zama ƙashi, sannan ya yi walda a hankali yana bari ya huce, ba wai ya narka wajen gaba ɗaya ba, ya ƙara ɗan ƙarfe mai kusurwa uku a inda bututun ya haɗu da wuya. Ya ɗaura zare daga tayar baya zuwa ta gaba ya tabbatar shasin bai karkace ba. Biraket ɗin kuwa kwali ya yanka ya gwada a wajen har ramuka suka zauna, ya zana a kan farantin ƙarfe mai kaurin milimita 5 ya yanko guda biyu ya huda. Shi kenan fa. Abin da aka ƙi yi min tun farko kenan, kwalin sabulu da guntun ƙarfe. Kuma ya nuna min ba a ɗaure kusoshin inji ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, ana zura su duka ne sako-sako tukunna sannan a bi su ana ƙara ɗaurewa, in ba haka ba ka ɗaure injin a takure tun kafin ya tashi.

Da na hau bayan gyaran sai ka ce wani mashin aka ba ni. Girgiza tana nan, 200 mara balansa, wato ƙarfen da ke juyawa a cikin inji yana rage girgiza, ba zai taɓa yin shiru kamar 125 ba, amma yanzu ina ganin mota a madubi, ƙwai ya daina mutuwa. Kuɗin da na kashe a ɗauko mashin daga hanya da walda da sake fenti, ga kwanakin da na yi ina hawa Keke Napep zuwa wajen aiki, da tun farko an yanka ƙarafan nan biyu da ko kashi ɗaya cikin goma ban kashe ba. Ban koma wajen makanikin da faɗa ba, na dai je na nuna masa wajen waldar, yace ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, amma hannunsa ne ya jefa su a kwano.

In da zan ba wani shawara, in ba dogon zango kake yi ba ko ɗaukar kaya, sa 150 ka huta, yana shiga ba yanke-yanke kuma da tsadar fetur tun da aka cire tallafi a 2023 za ka gode min, dan 200 da PZ30 yana sha, ba wasa. In kuma ka nace sai 200 akwai masu balansa a ciki, sun fi laushi, sai dai gidan injinsu ya fi girma ta gaba, ka je da tef ka auna kafin ka biya. Sifroket na gaba na ƙara masa haƙori saboda da na asali inji yana ta ihu a giya ta biyar, cen 428 ɗin dai ita ce, amma ka tsaya ta baya ka kalli layinta ka tabbatar ta miƙe. Rasit ɗin inji kuma a rubuta lambar injin a jiki, ka je a gyara maka takardu su dace da sabuwar lamba, a yanayin tsaron da muke ciki a jihar nan ba ka so a tsayar da kai a shinge lambar takarda daban ta inji daban.

Abin da ya rage min yanzu birki ne. Birkin gaban CG na da an yi shi ne dan injin da bai wuce ƙarfin doki 11 ba, na sa sabon laini da sabuwar waya amma har yanzu in na ɗauki mutum ba ya kama min yadda nake so. Ina neman gaban mashin mai disk da zai shiga wuyan nan, in na samu wajen Baba mai walda zan kai a auna tare kafin a kwance ko noti ɗaya, kafin nan kuma ba na wuce 70 a kan hanyar Daura.